Daga Hubusi Zuwa Rajista: Tarihin Dokar Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a a Nijeriya ta Arewa

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta san gina masallaci, ko makaranta, ko haƙa rijiya saboda Allah, ba ta da makawa sai ta amsa wata tambaya: in wanda ya yi aikin ya rasu, abin ya zama na wa? Dukiyar mamaci ta magada ce, kuma magada suna da ikon raba ta ko sayar da ita. Makaranta kuwa ba a gina ta don ta mutu tare da mai ita ba. Ashe ke nan ana bukatar wata dabara ta shari'a wadda za ta zare dukiyar daga hannun mutum ɗaya, ta ajiye ta inda mutuwa da rabon gado ba za su taɓa ta ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin amsoshi biyu da aka ba wannan tambaya a Nijeriya ta Arewa. Ta farko ita ce wadda Hausawa suka gada daga al'adarsu da kuma fiƙihun Malikiyya, watau amana da naɗi da hubusi. Ta biyu ita ce wadda Turawan mulkin mallaka suka kawo, watau yi wa amintattun ƙungiya rajista, wadda ta soma da dokar 1924, ta bi ta kan dokar 1990, ta iso ga ta 2020. Za a nuna cewa rajista wani irin ciniki ne tsakanin ƙungiya da hukuma: hukuma ta ba ƙungiya ran da ba ya ƙarewa da mutuwar shugabanninta, ita kuma ta karɓi ikon leƙa littattafanta. Galibin gardandamin da aka yi a kan dokokin nan, a kan farashin wannan ciniki aka yi su.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai gayya, inda samari kan taru su nome gonar wani ko su yi wa masallacin unguwa yaɓe kafin damina. Akwai adashi, inda uwar adashi kan riƙe zubin mutane ta miƙa wa mai kwasa in lokacinsa ya yi. Ga kuma masu sana'a, kowace da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska. Har masu lalura suna da nasu, kamar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, waɗanda ta hannunsu sadaka kan isa ga jama'arsu.

Abubuwa biyu ne suka riƙe wannan tsari. Na farko amana, domin uwar adashi ba ta da wata jingina da ta wuce mutuncinta a idon unguwa. Na biyu naɗi. In sarki ya naɗa wa mutum rawani a kan wata sana'a, to hukuma ta san da zaman wannan jama'a ke nan, ta kuma san wanda za ta kira in wani abu ya taso. In mai rawanin ya rasu a naɗa wani, domin mai riƙe da sarauta ne ke mutuwa, ita sarautar tana nan. A wannan fuska ana iya cewa rawani ya yi aikin da takardar rajista ta zo ta yi daga baya.

Ta wajen dukiya kuwa, fiƙihu ya tanadi hubusi, wanda kuma ake kira waƙafi. Kalmomin biyu Larabci ne, ta farko daga tushen da ke nufin tsarewa, ta biyu daga tushen da ke nufin tsayawa, wanda kuma daga gare shi ne masu nazarin Hausa suka sami sunan alamar ɗan dakatawa a rubutu. Malamai kan kafa hujja da labarin gonar da Sayyadina Umar ya samu a Haibara, wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a kuma gadon ta. Littattafan da almajiran ƙasar Hausa suka saba karantawa a zaure, kamar Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil, duk sun yi bayanin hukunce-hukuncensa. Daga cikin sharuɗɗan da Malikiyya suka ƙarfafa akwai hauzi, watau lalle abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun waɗanda aka yi dominsu, ko mai kula da shi, tun mai bayarwar yana da rai da lafiya. In har ya rasu abin yana hannunsa, hubusin ya ɓaci, dukiyar ta koma cikin gado.

Duk da wannan sani, hubusi bai yi yaɗuwar da ya yi a Masar ko a Daular Usmaniyya ta Turkawa ba, inda kasuwanni da gidajen haya da gonaki masu yawa suka zama waƙafi na makarantu da asibitoci, har aka kafa musu ma'aikatu na musamman. Ana iya danganta wannan ga dalilai uku. Na ɗaya, a mazhabar Malikiyya ƙasar da aka ci da yaƙi ita kanta waƙafi ce ta dukan Musulmi, shugaba ne ke kula da ita, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Na biyu, ƙasa tana da yalwa a wancan zamani, arzikin mutum a jama'a da dabbobi da tufafi aka fi auna shi. Na uku, makarantar allo da ta ilmi a zauren malam suke, suna rayuwa da zakka da sadaka da noman almajirai. In malam ya rasu ɗansa ko babban almajirinsa ya hau buzu, in kuwa babu, makaranta ta watse almajirai su nemi wani malamin.

3.0 Asalin Dokar a Ingila

Dokar rajistar da Nijeriya ke aiki da ita a Ingila aka haife ta, saboda haka fahimtarta na bukatar a ɗan waiwayi can. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Ingila suka lura cewa duk ƙasar da ta shiga hannun coci ta shiga ke nan, domin coci ba ya mutuwa balle a karɓi kuɗin da ake biyan sarki in magaji zai gaji ƙasa. Suka kira wannan irin mallaka mataccen hannu, kuma a 1279 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar da ta hana ba coci ƙasa sai da izinin sarki. Tun daga nan ke nan ake ganin tushen cinikin da aka ambata: dawwama sai da yardar hukuma.

Wata dabarar da Ingilishi suka ɓullo da ita ita ce ta riƙon amana, inda ake rubuta dukiya da sunan wasu mutane, amfaninta kuma ya tafi ga wasu. Kamanninta da waƙafi ya sa wasu masana suka yi hasashen cewa daga Musulmi aka koyo ta a zamanin yaƙe-yaƙen Kudus, suna misali da yadda aka tsara Kwalejin Merton ta Oxford a 1264, ko da yake ba duka masana suka yarda da haka ba. A 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka yi dokar da ta lissafa ayyukan da za a ɗauka na jinƙai. A 1853 aka kafa hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan amanoni. A 1891, a shari'ar Pemsel, alƙali Lord Macnaghten ya kasa ayyukan jinƙai gida huɗu: rage talauci, ciyar da ilmi gaba, ciyar da addini gaba, da sauran ayyuka masu amfanar jama'a.

Sai dai riƙon amana yana da nasa cikas. Amintattu mutane ne, suna mutuwa, suna yin murabus, kuma duk lokacin da aka canza ɗaya sai an sake rubuta takardun ƙasa da sunan sabo. Don maganin wannan ne aka yi wata doka a 1872, wadda ta ba amintattu damar neman takardar shaida da za ta mai da su jiki ɗaya, watau mutum guda a idon doka, mai suna nasa da hatimi nasa, wanda zai iya mallakar ƙasa, ya kai ƙara, a kuma kai shi. Wannan dabara ce Turawa suka yi ta dasawa a ƙasashen da suka mallaka.

4.0 Dokar 1924 da Sha'anin Ƙasa

Dokokin Ingila sun shigo Nijeriya ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ƙa'idar da ta ce kotunan Turawa za su yi aiki da dokar gargajiyar Ingila da manyan dokokinta waɗanda ke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900. Ta biyu ita ce dokokin da Gwamna ya riƙa kafawa a nan gida. A cikin waɗannan akwai dokar kamfanoni ta 1912, wadda ta soma aiki a Ikko aka faɗaɗa ta ga dukan ƙasa a 1917, aka kuma sake ta a 1922. Akwai ta ƙungiyoyin gama-kai ta 1935. Wadda ta shafi wannan nazari kai tsaye ita ce ta 1924, wadda sunanta ke nufin dokar riƙon ƙasa magaji bayan magaji ba yankewa, wadda kuma ta zama Babi na 98 a kundin dokokin Tarayya na 1958.

Sunan dokar kansa ya nuna abin da ya dami masu yin ta, watau ƙasa. A Arewa batun ya fi tsanani, domin bayan rahoton kwamitin filaye na 1908, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Girouard, dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Baƙo ba ya samun fili sai da takardar izinin zama, takarda kuwa dole a rubuta ta da sunan wani. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba kowa ba ce a idon doka, taron mutane ce kawai, ba ta iya riƙe takarda.

Dokar 1924 ta ba da dama ga jama'ar da al'ada, ko addini, ko zumunta, ko asali ya haɗa, da kuma ƙungiyoyin da aka kafa don addini, ko ilmi, ko adabi, ko kimiyya, ko zamantakewa, ko jinƙai, su naɗa amintattu, su kuma nemi takardar shaida daga Gwamna. Daga baya wannan iko ya koma hannun Ministan Harkokin Cikin Gida na Tarayya. Abin lura a nan shi ne amintattun ake yi wa rajista, su ne ke zama mutum a idon doka, kuma da sunansu na rajista ake kai ƙara ko a kare ta. Ba da takardar kuwa yana ga ganin damar hukuma.

Waɗanda suka fi cin moriyar dokar a farkon lamari su ne coci-coci da ƙungiyoyin mishan, waɗanda ke da makarantu da asibitoci a kan filayen da ba na kakanninsu ba, da kuma ƙungiyoyin Musulmin Kudu masu gina makarantun zamani, irin su Ansar-ud-Deen da aka kafa a Ikko a 1923. A cikin masarautun Arewa kuwa bukatarta ba ta taso da wuri ba. Masallacin Juma'a yana ƙarƙashin sarki, alƙali yana hukunci da fiƙihu, En'e tana da baitulmalinta, fili kuma dagaci ko mai unguwa ke yanka wa mai bukata. Muddin inuwar sarauta tana nan, malami ko attajiri ba ya ganin dalilin aika takarda Ikko.

5.0 Zamanin Jam'iyyu da Ƙungiyoyi

Daga shekarun 1940 aka soma ganin wani sabon irin taro a Arewa, mai shugaba da magatakarda da ma'aji da rubutattun ƙa'idoji. 'Yan boko ne suka fara shi, kamar taron tattaunawa na Bauci wanda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi fice a cikinsa, da ƙungiyar malaman makarantun Arewa ta 1948. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 a ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko, a matsayin ƙungiyar al'adu ta soma, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama ta siyasa. Wannan rikiɗa ta bar tabo a harshe. A da kalmar jam'iyya tana nufin kowane irin taron mutane mai tsari, kamar yadda ta wanzu a sunan Jam'iyyar Matan Arewa, amma sannu a hankali siyasa ta kusa mallake ta, kalmar ƙungiya ta ɗauki sauran ma'anar.

Bayan samun mulkin kai sai manyan ƙungiyoyin addini suka bayyana. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 da goyon bayan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ƙungiyar Izalatul Bidi'a wa Iƙamatus Sunna ta kafu a Jos a 1978 a ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, ta kuma sami rajista a 1985, shekarar da aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a Minna. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da rassa a garuruwa da yawa, suna da makarantu da asibitoci da motoci da ajiya a banki. Ba su zauna a ƙarƙashin sarki ɗaya ba, saboda haka rawani ba zai wadatar da su ba.

A daidai wannan lokaci kuma inuwar sarautar tana ta raguwa. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Daga nan takarda ta zama ita ce hujja. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, gwamnati ta ja da baya daga ayyuka da dama, ƙungiyoyin taimakon kai da kai da na ci gaban gari suka yawaita, bankuna da masu ba da agaji na ƙasashen waje kuma suka riƙa neman takardar shaida kafin su yi hulɗa da kowa.

Hukuma ma ta nuna cewa hannun da ya bayar yana iya karɓewa. A watan Mayu na 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta rushe jam'iyyun siyasa tare da ƙungiyoyin ƙabilu da na al'adu da doka ɗaya. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta sauke shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da na ma'aikatan man fetur, ta naɗa musu kantomomi. Kwatanci da Hausawan tsallaken iyaka yana ƙara haske a nan. Nijar ta gaji tsarin dokar Faransa ta 1901, wadda a asalinta sanar da hukuma kawai take bukata, amma dokar da gwamnatin Seyni Kountché ta kafa a 1984 ta shardanta samun izini kafin ƙungiya ta soma aiki. Turawan da suka mallaki ƙasashen biyu daban ne, amma gwamnatocin da suka gaje su duka sun so su riƙe linzamin ƙungiyoyi.

6.0 Dokar 1990 da ta 2020

A 1990 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 1 ta wannan shekara, watau dokar kamfanoni da dangoginsu, wadda lauyoyi ke kira CAMA. Ta maye gurbin dokar kamfanoni ta 1968 da kuma dokar 1924, ta kuma kafa hukumar yi wa kamfanoni rajista, wadda aka fi sani da CAC. Da haka rajistar masallaci da coci da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta bar ofishin minista ta koma hukuma ɗaya da ta 'yan kasuwa.

Dokar ta buɗe wa masu aikin da ba na neman riba ba hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kamfani mai lamuni, wanda ba shi da hannun jari, mambobinsa kawai suna alkawarin biyan wani adadi in an zo rushe shi, kuma sai da amincewar Babban Lauyan Tarayya ake yi masa rajista. Ta biyu, wadda aka fi bi, ita ce ta amintattu, wadda aka kwaso daga dokar 1924 aka faɗaɗa. Masu nema za su kawo tsarin mulkin ƙungiya da bayanin taron da aka zaɓi amintattu. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a ba da kwana 28 don mai ƙorafi ya kawo. Yaro, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda kotu ta samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekaru 5 da suka wuce, ba sa zama amintattu. Duk abin da ƙungiya ta samu a kan manufofinta za a kashe shi, ba a raba wa mambobi. In an rushe ta, abin da ya rage bayan biyan bashi sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Duk wanda ya san hukuncin hubusi zai ga dangantaka a nan, domin ita ma wannan dukiya ba a kyautar da ita ga mambobi, ba a kuma gadon ta.

Ranar 7 ga Agusta, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta shafe ta 1990. A cikinta an mai da mafi ƙarancin amintattu biyu maimakon ɗaya, an ba ƙungiyoyi masu manufa iri ɗaya damar haɗewa, an nemi su riƙa miƙa bayanin halin da suke ciki sau biyu a shekara, an kuma yi tanadi a kan ajiyar bankin da ta daɗe ba a taɓa ba. Sashe na 839 shi ya tayar da ƙura. Ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya in tana ganin an yi almundahana ko rashin iya gudanarwa, ko don kare dukiyar ƙungiya, ko don maslahar jama'a, ya kuma ambaci umurnin kotu bisa ƙarar hukumar ko ta kashi ɗaya cikin biyar na mambobi.

Masu goyon baya suka ce dukiyar da aka tara daga jama'a dole a sami mai tambayar inda ta shiga, suka kuma nuna cewa hukumar Ingila tana da irin wannan iko. Masu suka, musamman ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a, suka ce sashen ya ci karo da 'yancin addini da na kafa ƙungiya waɗanda sassa na 38 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 suka tabbatar. Wanda ya tuna da kantomomin 1994 zai gane inda tsoron ya samo asali. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa sashe na 839 da wasu sassa na kusa da shi sun saɓa wa Tsarin Mulki.

7.0 Komowar Hubusi da Matsalar Harshe

Hubusi bai ɓace daga dokar ƙasa ba. Tsarin Mulkin 1979, haka ma na 1999 a sashe na 277, ya lissafa waƙafi tare da kyauta da wasiyya da gado cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu. Bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, jihohi da dama sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano ta 2003. Sai dai ikon yi wa ƙungiya rajistar da za ta mai da ita mutum a idon doka yana hannun Tarayya. Sakamakon haka dukiya ɗaya tana iya zama a ƙarƙashin tsari biyu, fiƙihu yana hukunta niyyar mai bayarwa, dokar Tarayya tana hukunta masu riƙewa.

A tsakanin tsarin biyu ne ake yin hasara. Alal misali, a ɗauka wani attajiri ya gina makarantar Islamiyya, ya faɗa a bainar jama'a cewa saboda Allah ya yi, amma takardar filin tana da sunansa, shi ke ɗaukar malamai, shi ke riƙe da makullai. In ya rasu magada suka nemi a sa ginin cikin rabo, alƙali zai tambayi hujjar hauzi, lauya zai tambayi takarda, kuma mai yiwuwa a rasa duka biyun. Da ya miƙa makarantar ga amintattu masu rajista tun yana da lafiya, ya kuma sa aka juya takardar filin zuwa sunansu, da aiki ɗaya ya cika sharaɗin Malikiyya ya kuma cika na doka.

Wani ɓangare na wannan matsala na harshe ne. Da Ingilishi aka rubuta dokar, da shi ake cike takardun nema, da shi ake rubuta tsarin mulkin ƙungiya, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake sa wa suna a matsayin amintattu da Hausa da Larabci suka yi karatu. Hausa ta ari rajista da satifiket da kwamiti daga Ingilishi, ta ari hubusi da waƙafi da amana da hatimi daga Larabci, ta kuma faɗaɗa nata kalmomi irin su gidauniya. Har ila yau akwai giɓi. A bakin jama'a akan kira amintattu iyayen ƙungiya, abin da ke sa a ɗauki matsayin a kan girmamawa ce kawai, a zaɓi mutum saboda shekarunsa ko rawaninsa, ba tare da an gaya masa cewa dukiyar a wuyansa doka ta rataya ta ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda al'ummar Hausawa ta dogara da amana da naɗi da hubusi wajen raya ayyukan alheri bayan masu su, da yadda dokar da aka haifa a Ingila ta shigo ta ƙofar ƙasa a 1924, ta zauna a gefe muddin sarauta tana da ƙarfi, sa'an nan ta zama dole bayan da iko ya koma ga takarda. An kuma ga cewa tun daga 1279 har zuwa 2020 hukuma ba ta taɓa ba da dawwama kyauta ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ƙungiyar da ta karɓi takardar shaida ta karɓi nauyin ba da lissafi, abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne iyakar ikon mai tambaya da kuma matsayin kotu a tsakani. Aikin da ke gaban masana harshe da malaman fiƙihu da lauyoyi shi ne su haɗu su fassara wannan kashi na dokar zuwa Hausa, su daidaita kalmominsa, su kuma tsara samfurin takardar hubusi wadda alƙali zai karɓa, hukumar rajista ma ta karɓa.